Babi na Tara: Makomar Takardar Kuɗi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Takardar kuɗi ce har yanzu ke riƙe da ciniki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina da ke wajen iyakar Zamfara da Kaduna. Da ita ake sallamar 'yan ƙwadago a bakin gona da yamma, da ita ake biyan la'adar dillali da kuɗin ɗan acaɓa, kuma ita mata ke zubawa a adashi. A ɓangaren hukuma kuwa, tafiyar ta sauya. Albashi da fansho da tallafi da kuɗin jarrabawa duk sun koma bin asusun banki da waya, kuma ofisoshin gwamnati na ƙoƙarin rage fayil da rasidi su koma kwamfuta. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda waɗannan hanyoyi biyu ke haɗuwa a yanki irin wannan, mai arzikin noma, mai ƙarancin rassan banki, wanda ya sha fama da matsalar tsaro.

Daga wuri zuwa naira

Ba yau aka fara sauya wa mutanen wannan yanki abin ciniki ba. A ƙarni na 19 da wuri ake saye da sayarwa a kasuwannin Katsina da Kano, kuma duk mai babban ciniki sai ya nemi jaki ko ɗan dako saboda nauyinsa. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, sun shigo da kuɗin ƙarfe, aka fara jin anini da kwabo da sisi da sule. A 1912 aka kafa hukumar da ke buga kuɗi don ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Abin da ya shigar da sabon kuɗi ƙauyuka shi ne haraji da auduga: hukuma ta ce da sabon kuɗi za a biya haraji, masu sayen auduga kuma da shi suke biya, musamman bayan layin dogo ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Duk da haka wuri bai ɓace dare ɗaya ba, ya ci gaba da yawo a ƙananan kasuwanni shekaru masu yawa.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, kuma ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba jama'a kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki. Takardar naira ɗari ta fito a 1999, ta ɗari biyu a 2000, ta ɗari biyar a 2001, ta dubu ɗaya a 2005. Wannan tarihi ya nuna cewa hukuma ce ke buɗe ƙofar sabon kuɗi ta hanyar abin da take karɓa da abin da take biya, amma kasuwa ce ke yanke lokacin da tsohon zai mutu.

Yadda hukuma ke barin takarda

A Janairun 2012 Babban Banki ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a 2013 ya faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi har da Kano. A 2012 ɗin ne kuma ma'aikatar gona, lokacin Akinwumi Adesina, ta fara raba takin tallafi ta saƙon waya, wanda shi ne karon farko da manoma da yawa a Arewa suka ga hulɗarsu da gwamnati ta bi ta waya. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ke haɗa asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa ma'aikatunta tara kuɗaɗensu a asusu ɗaya, kuma a shekarar ce jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ranar 25 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Banki, na farko irinsa a Afirka. Daga 1 ga Maris na 2023 hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi ta hana cirar tsabar kuɗi daga asusun gwamnati, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma.

Dalilan hukuma a fili suke. Kuɗin da ya bi ta banki yana barin sawu, saboda haka ma'aikacin bogi da rasidin jabu suna shan wahalar ɓuya. Buga takardar kuɗi da jigilarta da gadinta da ƙona wadda ta lalace duk suna cin kuɗi. Ga malamin firamare a Sabuwa, alat na albashi ya fi biyan da ake yi a kan tebur, inda kuɗi ke bi ta hannaye da yawa kafin ya iso. Sai dai kowane mataki na wannan tsari yana zuwa da sharaɗi. Tallafin naira dubu ashirin da biyar da gwamnatin tarayya ta sanar a Oktoban 2023 don magidanta masu ƙaramin ƙarfi an ɗaure shi da NIN da asusu. Wanda ba shi da su, ko an sa sunansa a rajista, kuɗin ba zai same shi ba. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na baligai a Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kusa rabi.

Watannin da aka rufe layuka

Abin da ya bambanta waɗannan ƙananan hukumomi uku da yawancin wurare shi ne sun riga sun ɗanɗana rayuwa ba waya. Ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Hare-hare suka ci gaba a ƙauyukan da ke bakin daji. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su labari. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna ciki, haka ma Funtuwa da Malumfashi, garuruwan da rassan bankuna suka fi taruwa.

Watanni aka kwashe a haka. Na'urar POS ta zama tamkar dutse a aljihu, saƙon alat ya daina shigowa, kuma wanda ɗansa ke turo masa kuɗi daga Legas ko Abuja sai ya yi tafiya mai nisa zuwa inda ake samun sabis kafin ya san ko an turo. Lokacin kuma kaka ce, masara da dawa da waken suya na shigowa gida. Abin da ya ci gaba da aiki shi ne takardar kuɗi da bashin amana tsakanin waɗanda suka san juna. Hukumar da ke kiran jama'a su koma waya ita ce ta kashe wayar saboda wata larura da ta fi gaggawa, kuma mutanen yankin sun riƙe wannan darasi.

Canjin kuɗi na 2023

Bayan shekara ɗaya aka gwada akasin haka: ga waya, babu takarda. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, kuma janye su zai rage jabun kuɗi da ɓoye kuɗi da biyan kuɗin fansa. Sababbin takardun suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar mutuwar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cira a mako, da farko naira dubu ɗari, bayan ƙorafi aka mai da shi dubu ɗari biyar.

Tsofaffin kuɗi suka shiga banki, sababbi ba su fito daidai da su ba. A watan Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasa baki ɗaya ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. A karkara abin ya fi muni. Manomin da ya tara kuɗin amfanin gonarsa a ɗaka, ba shi da asusu, sai ya nemi wani mai asusu ya ajiye masa, ko ya kashe su a kan kayan da bai yi niyyar saya ba. Shirin musayar da Babban Banki ya fito da shi don ƙauyuka bai wuce naira dubu goma ga mutum ɗaya ba. A kasuwanni farashi ya rabu biyu, na tsaba da na tiransifa, kuma mai tsaba a hannu shi ke sayen buhun hatsi da akuya a farashin da ya ga dama. Masu tumatir da masu nono da masu ƙosai, waɗanda kayansu ba ya jira, su suka fi kowa asara. Naira da kanta ta zama hajar sayarwa a wajen masu POS.

Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, daga baya Katsina da wasu jihohi suka shiga. Ranar 3 ga Maris na 2023 kotun ta yanke cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Ta fuskar tsaro, garkuwa da mutane ba ta tsaya ba. Masu yin ta sun riƙa neman babura da kayan abinci da katin waya, suka kuma koma karɓar kuɗi da zarar sun wadata. Ta fuskar ciniki kuwa, canjin ya bar abu biyu masu karo da juna. Dubban mutane sun buɗe asusu a karon farko, sun koyi tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai nama sun rubuta lambar asusu a jikin teburinsu. A gefe guda, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: da yawa sun ƙara riƙe tsabarsu a gida. Zuwa ƙarshen 2024 kuɗin da ke yawo ya haura tiriliyan biyar, kuma mafi yawansa yana wajen bankuna.

Mai POS, bankin ƙauye

Wanda ke tsaye tsakanin tsarin hukuma da kasuwa shi ne mai POS. Kayan aikinsa kaɗan ne: laima ko ɗan shago, tebur, na'ura ɗaya ko biyu, batirin caji, littafin rubuta ciniki da jakar kuɗi. Ran kasuwa, ɗan kasuwar da ya zo daga Kano ko Kudu sayen masara ba ya ɗauko buhun kuɗi kamar da, saboda hanya ba ta da tabbas. Idan an daidaita farashi ta bakin dillali, sai su nufi rumfar mai POS tare da manomin. Mai saye ya tura kuɗin, a tsaya jiran alat. Idan ya shigo, mai POS ya cire cajinsa, ya ƙirga wa manomi tsaba a hannu, manomi ya sake ƙirgawa, ya rarraba su a aljihun ciki da na wando. Daga nan kuɗin zai bi ta kan mai awo da 'yan dako da mai mota da mai taki, duk a takarda. Idan sabis ya ɗauke a tsakiyar ciniki, aka cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa ba, sai kaya su tsaya, a shiga neman wanda zai tsaya wa wani.

Wannan ya nuna inda aka kwana. Doguwar tafiyar kuɗi, daga birni zuwa gari, ta riga ta koma waya. Gajeriyar tafiya, daga kasuwa zuwa gida da gona, tana nan a takarda. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, da bankunan kamfanonin waya, MoMo na MTN da SmartCash na Airtel da suka fara aiki a 2022, sun kai hidimar banki inda reshen banki bai taɓa zuwa ba. Mai POS kansa yana samo tsabarsa ne daga gidan mai da manyan 'yan kasuwa, su ba shi takarda ya tura musu a asusu, ko kuma ya ɗauki kasadar zuwa banki a Funtuwa ya dawo da jaka. Talaka kuma shi ya fi biyan tsada, domin cajin cire naira dubu biyu sau biyar ya fi na cire dubu goma sau ɗaya, ga harajin naira hamsin da ake cirewa a kan tiransifar da ta kai dubu goma.

Abin da ke riƙe ta da abin da ke cin ta

Takardar kuɗi ba ta neman caji ko sabis ko lambar sirri. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana gane ta da launi da hoto, kuma manyan takardun suna ɗauke da rubutun ajami da almajiri zai karanta, duk da an cire shi daga ƙananan a 2007 da kuma daga sabuwar naira ɗari ta 2014. Idan ta shiga hannu ciniki ya ƙare, babu fargabar alat na bogi ko ɗan damfarar da zai kira ya ce daga banki yake. Ga matan aure masu sana'a a cikin gida, waɗanda yara ke yi wa talla, ita ce dukiyar da suke iya riƙewa da kansu ba tare da aron wayar miji ba. Ga ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensu cikin dare, katinsa da takardunsa sun ƙone ko sun ɓace, abin da ke ɗaure a bakin zane ko aljihu shi ne zai ci da shi.

Amma akwai abubuwan da ke cin ta a hankali, ba tare da doka ba. Na farko tsadar rayuwa. Takarda mafi girma tana nan a naira dubu ɗaya tun 2005, kuma shirin fito da ta dubu biyar da aka yi a 2012 an jingine shi. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, saboda haka kuɗin sa guda a kasuwar Sheme ya zama ɗauri-ɗauri, mai wuyar ƙirgawa da wuyar ɓoyewa. Kwabo ya ɓace, naira biyar da goma sun kusa bin sa. Na biyu tsaro. A inda ake tare hanya, ake kuma da masu kai rahoton wanda ya sayar da kaya, ajiye kuɗi a gida haɗari ne. Na uku matasa, waɗanda suka tashi da waya a hannu, suka saba sayen data da biyan kuɗin makaranta ta cikinta.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Ranar 8 ga Nuwamban 2016 Indiya ta soke takardun rufi 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo. Kusan dukkansu sun koma banki, kuma bayan 'yan shekaru tsabar da ke hannun jama'a ta zarce ta da. Abin da ya sauya cinikin Indiya daga baya shi ne tsarin biya ta waya mai sauƙi, wanda ba ya cajin mai saye. A Kenya, M-Pesa ta fara a 2007 da ƙaramar waya da wakilai a kowane lungu, jama'a suka rungume ta don kansu. A Nijeriya kuwa, binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka sauke manhajar eNaira ba sa amfani da ita. Suwidin, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi kowa barin tsaba, yanzu tana ba 'yan ƙasarta shawarar su ajiye 'yan kuɗi a gida saboda yaƙi ko ɗaukewar lantarki. Duk inda aka duba, mutane na barin takarda ne idan sun sami abin da ya fi ta sauƙi da aminci, kuma ko a can ba a yarda a rabu da ita ɗungurungum ba.

Inda aka dosa

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, hulɗar mutum da hukuma za ta ci gaba da komawa waya da kwamfuta, haka ma manyan cinikayyar hatsi da dabbobi. Takardar kuɗi za ta rage girma, ta tsaya a ƙananan ciniki da ladan ƙwadago da sadaka da ranar larura. Saurin wannan sauyi ya dogara da abubuwan da ba a Babban Banki ake yin su ba: turakun waya masu aiki a ƙauyukan bakin daji, wutar lantarki ko ta hasken rana, wuraren yin NIN kusa da jama'a, musamman mata, tsarin biya da ke magana da Hausa a kan ƙaramar waya, caji mai sauƙi, da hanyar dawo wa mutum da kuɗinsa cikin gaggawa idan sun maƙale. Sama da duka akwai zaman lafiya, domin ba a gyara turken waya a inda injiniya ke tsoron zuwa.

Shekarar 2021 ta nuna wa yankin cewa waya na iya ɗaukewa, 2023 kuma ta nuna cewa janye takarda kafin a shirya madadinta talaka yake kayarwa. Duk tsarin da za a kawo nan gaba, wajibi ne ya bar ƙofofin biyu a buɗe, ya kuma tabbatar cewa rashin asusu ko rashin sabis bai hana kowa haƙƙinsa ba. Har zuwa lokacin da manomi a Sabuwa zai sayar da masararsa, ya biya ma'aikatansa, ya sayi taki da magani ta waya ba tare da fargaba ba, takardar naira za ta ci gaba da zama kuɗin yau da kullum a wannan yanki.